Ranar da Na Shanya Daddawa a Kan Taswirar Ɗiyata

Shekaru sun fara kwashe min abubuwa daga ka, har nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Amma akwai rana ɗaya da na roƙi mantuwa ta zo ta ɗauka, ta ƙi. Ranar gasar su Suwaiba ce a jami'a. Ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko da na manta, akwai zaure guda cike da mutane da za su tuna min kyauta.

Suwaiba ɗiyata ce ta uku, ita ce ta fara taka jami'a a gidanmu. Ni kuwa ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na yaye autana na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan unguwarmu ta Damba, na yi shekara uku ina zama kan bencin da ya fi dacewa da jikokina. Na fito da karatun Hausa da rubutunta, da manyan baƙaƙe, kowane harafi tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi. (Ina alfahari da rubutun nan fiye da kima. Ku riƙe wannan, shi ne rabin laifin.)

A shekararsu ta ƙarshe, Suwaiba da ƙawarta Ngozi suka shiga wata gasa ta ɗalibai. Ngozi ɗiyar maƙwabtanmu ce, Kiristoci ne mutanen kudu, amma a Gusau aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Uwarta, Maman Ngozi, tana gasa masara da kifi a bakin titi, shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Rukunin da ya zo na ɗaya a jami'arsu shi za a tura babban zagaye na ƙasa, kuma daga can ƙofofin ƙarin karatu kan buɗe. Suwaiba ta sa ranta a kan tafiyar nan har ta rame.

Na tambaye ta wace irin gasa ce. Ta ce za su ɗauki matsala ɗaya, su sun ɗauki saran itatuwa don gawayi da itacen girki.

Na ce, "To ai da sauƙi. Ku ce a daina sara."

Ta ce, "Inna, ba a son magani tukuna. Duk wanda ya zo da magani da wuri ma rage masa maki ake yi."

"Ikon Allah. To me ake so?"

"So ake mu nuna yadda abu ke jawo abu. Wannan ya haifi wancan, wancan ya haifi na gaba, har a zagayo na ƙarshe ya dawo ya ƙara wa na farko ƙarfi. In aka samu irin wannan zoben, an samu zuciyar matsalar."

Na ce mata in dai wannan ne, rigimar danginmu ta gado ta isa ta ci gasar duniya. Ba ta yi dariya ba.

Wata uku suna abu ɗaya. Ban yarda su shiga daji ba, kun san yadda hanya take, sai dai su bi ranakun kasuwa a Bungudu da Tsafe su tari masu gawayi da manoma da mata masu sana'ar wuta. Kowa suka yi hira da shi sai sun karanta masa wata takarda ta alkawari, cewa ba za a taɓa ambaton sunansa ba, sannan ya sa hannu ko ya dangwala. Ni ma an yi hira da ni, na sa hannu, har na roƙi a ba ni wata takardar in sake domin na farkon bai fita yadda nake so ba.

Sannan suka haɗa kwali fari guda shida da salatif, ya zama shimfiɗa guda kamar tabarmar baƙi, suka cika shi da da'irori da kibau, ja da baƙi da kore, duk da Turanci. Taswira suke kiran abin. Ni da na kalle shi, hanjin kaza na gani. Amma da yake a tsakar gidana suke aikin, ina tsintar shinkafa ina sauraro, sai da na haddace zancen kamar karatun allo.

Ana gobe gasa, Yaya Kulu ta sauka. Yayar maigidana ce, a Nahuce take aure, sana'arta daddawa, kuma shekara ashirin da takwas da aurena har yau Amarya take kirana. Ta ce ba za a yi taron ɗiyar ƙanenta ba ta nan ba. Ta zo da tsarabar daddawa cikin ƙwarya, sabuwa, ba ta gama bushewa ba.

"Amarya, ki shanya min wagga maza, kar ta yi hunhuna. Ni zan tahi in gaida mutanen Sabon Gari."

Ta fita. Yaran ma sun tafi makaranta tun safe gwajin jawabi. Na duba faifai, duk da kuɓewa a kai. Na duba tire, Maman Ngozi ta ara. Sai idona ya faɗa kan wani farin kwali shimfiɗe a baranda, an danne gefunansa da duwatsu, fes, ko ɗigon tawada babu. Na ce a raina ragowar aikinsu ne, Allah ya kawo mashanya. (Ban ɗaga na duba ƙasansa ba. Ashe kife taswirar suka yi don ta miƙe, salatif ya kama.) Na ja shi rana, na jera daddawa a kusurwa ɗaya, gwanin sha'awa, na koma wanki.

Wanda ya san ranar bazara a Gusau ya san abin da za ta yi wa ɗanyar daddawa. Da azahar na zo juyawa, na ɗaga ɗaya, na ga kwalin ya yi baƙi ya jiƙe da maiƙo. Na ɗaga gefensa. Sai ga kibiya ja tana kallona.

Na zauna a ƙasa, na yi salati a hankali. Kusurwa guda, kwali ɗaya cikin shida, ta tafi. Tawada ta narke ta haɗu da man daddawa, da'irori sun zama tabo, kibau sun zama kamar sawun kaji a taɓo. Aikin wata uku.

Mai hankali zai ɗauki waya ya kira ɗiyarsa. Na ɗauki wayar, ban ƙi gaskiya ba. Amma na tuna yadda yarinyar nan ta kwana biyu ba ta iya cin abinci don fargaba, na ajiye. Sai wata murya ta ce min, ke fa kin yi makaranta. Ga ragowar kwali na gaske a bayan ƙofa, ga manyan alƙalumansu masu kala, ga salatif. Kuma kusurwar da ta ɓaci na san ta, ita ce ta ɓangaren masu saye da masu ƙonawa. Me ya rage?

Na sa reza na yanke ɓataccen, na liƙa sabo. Matsala ta farko, ba na jin Turanci. Na ce ba komai, alƙalan ai a Zamfara suke cin tuwo. Matsala ta biyu, yaran suna rubuta abubuwa irin su "masu sarrafa amfanin gona" da "ƙananan 'yan kasuwa". Ni ban san wata mai sarrafa amfanin gona ba, Kulu na sani. Kuma malamarmu ta yaƙi da jahilci kullum tana cewa takardar da ba suna ba ta da uba, abin da aka fara koya mana ke nan, suna a sama, cikakke. Zancen takardar alkawari kuwa, wallahi ko sau ɗaya bai gifta min ba. Sa hannuna kawai na tuna a cikinta.

Na zana da'ira da bakin kofi, na rubuta: GARBA MAI GAWAYI NA KARAKKAI, YA GAMA DA KIRYAR GABAS YA KOMA TA YAMMA. (Kirya bishiya ce, gawayinta ya fi na kowace daɗewa a wuta.) Na ja kibiya zuwa wata: ITACE YA YI NISA. Daga nan wata kibiyar: YAYA KULU TA NAHUCE, DAFA KALWA KWANA DA YINI, MIJINTA YA SASSARE RESHEN ƊORAWAR GONA DA ASUBA DON KADA A GANI. (Kalwa ita ce 'ya'yan ɗorawar da ake daddawa da su. Wato ana ƙona uwa don a dafa 'ya'yanta. Ita da bakinta ta ba ni labarin, tana dariya.) Sai wata: MAMAN NGOZI, TA BAR GAS TA KOMA GAWAYI.

A nan alƙalami ya tsaya. Domin na ji Suwaiba tana cewa kowace da'ira sai an tambaye ta, wa ya haife ki? To wa ya sa Maman Ngozi ta bar gas? Na bi kibiyar da ido, ta tsallaka katanga, ta shigo gidanmu, ta zauna a gabana.

Ga yadda abin yake. Babban ɗana ya taɓa saya min tukunyar gas. Ni kuwa tsoronta nake ji kamar kura. Ban taɓa kunna ta ba, na ɗinka mata riga da ragowar atamfa, na ɗora rediyo a kai. Bai tsaya nan ba, duk matar da ta shigo gidana sai na ba ta labarin wata tukunya da na ji an ce ta ɗage rufin ɗaki a wani gari. Ban ga rufin ba, ban san garin ba, amma ina ba da labarin da sanyin murya, kuma mutane suna yarda da mai sanyin murya. Mata biyar a layinmu suka ajiye gas saboda ni. Da gawayi ya fara tsada kuma, sai na ji tsoron kada ya ƙare, na aika wa Garba ya riƙa kawo min buhu biyu maimakon ɗaya, kuma na kirya zalla. Na ba sauran matan shawarar su ma su tara.

Sai na ga abin da idona. Tsoro ya jawo saye, saye ya jawo sara, sara ya jawo tsada, tsada ta dawo ta ƙara tsoro. Zobe ya rufe ƙirif. Har wani daɗi na ji, irin na ranar da na fara karanta allon asibiti da kaina. Ba zan iya cire da'irar ba, in na cire ta zoben ya ɓalle. Na zana ta, na rubuta komai, har da riga da rediyo. Da na zo wurin suna, sai hannuna ya yi nauyi. Na rubuta: WATA BAIWAR ALLAH A DAMBA.

Kun ji. Kowa da sunansa da garinsa, ni kaɗai na tuna da sutura.

Kafin la'asar na naɗe taswirar tsaf, na ɗaure da zare wuri uku, na zura a buhun da suka tanada. Da suka dawo na ce na naɗe musu don kada kaji su taka. Ngozi ta rungume ni ta ce, "Mama, Allah ya bar mana ke." Sau uku na buɗe baki zan faɗa kafin magariba. Na farko Suwaiba tana bitar jawabi, na biyu tana guga, na uku ta ɗago ta ce, "Inna, ki yi min addu'a kawai," na ce to. Na yi mata addu'ar kuwa, har da ƙari na musamman, cewa Allah ya sa alƙalan su kasance masu raunin gani.

Washegari muka cika keke-napep biyu. Maman Ngozi ta sha ɗaurin kai na zuwa coci, Yaya Kulu ta ɗauko mayafin biki. A ƙofar zaure ma'aikata suka karɓi taswirar kowane rukuni a naɗe, su ne za su rataya in lokaci ya yi. Aka zaunar da iyaye a layi na uku. Sanyin na'ura yana busowa, ga wani ƙaton allo da ke nuna fuskar duk wanda mai kyamara ya juya gare shi.

Alƙalai uku ne, amma biyu na riƙe. Wata Dakta, mace mai tabarau, daga jin harshenta 'yar wajen Tsafe ce, da wani Farfesa dattijo mutumin kudu wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Rukuni huɗu suka wuce, masu zancen shara, masu zancen ruwan sha, na manta sauran. Sai aka kira su Suwaiba.

Ma'aikata biyu suka warware taswirar, suka maƙala ta a allo. Ni na yanke inda ya ɓaci, amma wari ba ya bin reza. Kwalin ya kwana a naɗe cikin buhu da zafin bazara, yanzu ga iskar na'ura ta ɗauka tana rabawa layi-layi. Farfesa ya ɗaga hanci, ya leƙa ƙarƙashin teburi, ya kira wani ma'aikaci ya raɗa masa magana. Daga baya na ji cewa ya yi a duba ko ɓera ya mutu a cikin na'urar. Yaya Kulu ta shaƙa sau biyu, ta gyara zama, ta ce min a kunne, "Amarya, wani ya zo da daddawa wurin ga. Kuma mai kyau ta, awa tawa."

Yaran sun ba taswirar baya, suna fuskantar jama'a, suka fara jawabi. Kuma sun yi kyau, ba don ɗiyata ba ce. Ban ji Turancin ba amma na ga kawunan alƙalai suna gyaɗawa. Ngozi ta yi ɓangaren manoma, yadda ƙasa ke zaizayewa in itatuwa sun tafi, amfanin gona ya ragu, manomi ya koma sara don ya ci. Sai Suwaiba ta ɗauki sanda ta juya don nuna kusurwar ƙasa ta dama.

Na ga bayanta ya sandare. Sandar ta tsaya a sama. Ɗiyar da na haifa ta san rubutuna ko a duhu, balle ga shi nan kowane harafi kamar ɗan yatsa. Ba ta juyo ta dube ni ba, kuma wannan ya fi min ciwo a kan ta juyo.

Mai kyamara, Allah ya saka masa, ya ga inda sandar ta nufa sai ya matso da kusurwar a kan ƙaton allo. Ɗaliban da ke baya suka fara karantawa, dariya ta taso daga can kamar ruwa yana tahowa. Farfesa ya nemi a fassara masa. Dakta ta gyara tabarau ta ce ita za ta karanta, ta jawo abin magana.

"Garba mai gawayi na Karakkai," in ji ta, da murya irin ta masu labarai, "ya gama da kiryar gabas ya koma ta yamma."

Ta fassara. Farfesa ya rubuta wani abu.

"Yaya Kulu ta Nahuce."

Yaya Kulu ba ta karatu, amma ta ji sunanta a lasifika a cikin jami'a. Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu tana gaida jama'a hagu da dama. Har aka fara tafa mata. Tana tsaye Dakta ta ƙarasa zancen miji da reshen ɗorawa da asuba. Hannun ya sauko a hankali. A ƙauyensu saran ɗorawa abin kunya ne, har gaban mai gari ake kai mutum.

"Maman Ngozi, ta bar gas ta koma gawayi."

Maman Ngozi ta juyo da ɗaurin kanta gaba ɗaya ta dube ni. "Maman Suwaiba, ni da na dangwala takarda?"

Na ce, "Ana magana, Maman Ngozi, bari mu ji." (Har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba.)

Dakta ta bi kibiya da yatsa. "Wata baiwar Allah a Damba. Tana tsoron gas. Ta ɗinka wa tukunyar riga ta ɗora rediyo. Tana ba mata labarin rufin da ya tashi. Tana sayen buhu biyu don kada ya ƙare." Ta dakata, ta dubi yaran ta saman tabarau. "Kowa an faɗi sunansa, ban da wannan. Wace ce?"

Suwaiba ta sauke sandar. Ngozi tana kallon silin. Ni na ja hijabi na rufe har hanci, ina fatan a ɗauka sanyi ne ya dame ni. Da an bar shi haka, da na tsira da rabin mutunci. Amma Yaya Kulu tana nan tsaye, kuma ba ta buƙatar lasifika.

"Rigar atamfa mai ruwan ganye? Ai ni na san ta. Jiya ni da kaina na ɗauke rediyon na zauna bisa tukunyar ina cin tuwo." Ta nuno ni da hannu biyu. "Ga ta nan. Amarya ta, matar ƙanena. Ni ta hwaɗi sunana da na garinmu, ita ta zama baiwar Allah. To mu bayin wa ne?"

Zauren ya kife. Mai kyamara ya juyo, sai ga idanuna biyu a kan allo, kowanne ya kai faranti. Na sunkuya, allon ya nuna tsakiyar kaina. Ba wurin gudu.

Dakta ta sa aka kawo min abin magana. Ta ce, "Hajiya, ke kika rubuta wannan?"

Ni ba Hajiya ba ce, amma ba ranar gyara ba ce. Na miƙe. Muryar nan tawa da maigida ke cewa sai an kashe fanka ake jinta, ranar ta cika zaure.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Yaran ba su sani ba. Daddawa na shanya a kai."

Ta fassara wa Farfesa. Ya ajiye alƙalami, ya kira ma'aikacin nan da ke can ya kwance murfin na'ura yana haska tocila, ya ce ya bari, an samu ɓeran.

Da dariya ta lafa, Dakta ta yi magana da Hausa don kowa ya ji. Ta ce zoben tsoro da tsada da ke kusurwar nan zobe ne na gaske, kuma ba ta gan shi a rahoton da yaran suka rubuta ba. Na fara jin sanyi a raina, har na soma sassauta hijabi. Sai ta ci gaba. Ta ce amma mutanen nan an yi musu alkawari a rubuce, ga shi an karanta sunayensu a bainar jama'a, har da abin da zai iya jawo wa wani magana a garinsu. Ta ce ita ma da ta san abin da ke gaba da ba ta karanta ba. Dokar gasa a fili take a kan wannan, kuma taswira ta masu ita ce, ko wa ya riƙe alƙalamin.

Suka zo na uku. Wasu yara masu zancen ruwan sha aka tura. Wani ma'aikaci ya gaya wa Ngozi cewa kafin a cire musu makin alkawari, su ne a sama.

A hanyar gida ba wanda ya yi magana a kekenmu sai Yaya Kulu, wadda ta riƙa lissafa min duk abin da ta rufa min asiri a kai tun ranar da aka kawo ni, ciki har da tuwon da na ƙona a satin farko. Maman Ngozi ta shiga ɗaya keken. Sai da na yi kwana uku ina aika mata kunu ta kan katanga kafin kwanon ya daina dawowa a cike. Nahuce kuwa da ƙafata na je, na durƙusa gaban mijin Yaya Kulu, dattijon ya ce ba komai, amma bai dube ni ba. Garba aike na yi masa, ya ce a gaya min shi ko a jikinsa, tunda har jami'a ta san da zamansa.

Saura Suwaiba. Ba ta yi fushi irin na tsawa ba, ta gado ni. Tana gaishe ni, tana wanke-wanke, tana shiga ɗaki. Rana ta huɗu da hantsi ina tankaɗe, ta zo ta zauna kusa da ni a kan turmi, tana kallon rariya. Na ce mata ta yafe min, na ce tsoro na ji kada hankalinta ya tashi ana gobe gasa.

Ta ciro wayarta, ta lalubo wani hoto, ta miƙo min. Taswirar ce, cikakkiya, kusurwar nan tana nan lafiya da Turancinta.

"Inna, mun ɗauki hotonta tun ranar da muka gama. Da kin kira ni da azahar ɗin nan, awa ɗaya ta ishe mu mu sake kwafewa."

Na riƙe wayar ina kallo. Sai na ce hoton ya fita da kyau.

A nan ne ta yi dariya, irin wadda ke zuwa tare da hawaye, ta kifa kai a kafaɗata tana cewa, "Baiwar Allah a Damba." Na bar ta ta yi mai isarta, garin tuwo yana zuba a zanena. Tafiyar dai ta wuce ta, kuma ni na jawo, wannan ba dariyar da za ta goge shi.

Abin da na koya bai da yawa. In ka yi ɓarna da azahar, faɗe ta da azahar, tun tana tsakar gida, domin kunyar da ka ɓoye wa mutum ɗaya ita ce ake raba wa jama'a da lasifika. In kuma har sai ka lissafa masu ɓata duniya, to ka fara da sunanka, cikakke, da manyan baƙaƙe. In ba za ka iya ba, aƙalla kada ka je taron da dangin miji.